Rigimar Cooperstown: wa ya cancanci shiga zauren gwarzayen besbol, wa aka tsare a ƙofa

Mutumin da ya fi kowa buga ƙwallo ta tsallake katanga a tarihin babban lig ɗin besbol na Amurka sunansa Barry Bonds, sau 762 ya yi hakan, kuma ba ya cikin zauren gwarzayen wasan. Wanda ya fi kowa yawan bugu mai kyau, Pete Rose, 4,256, shi ma ba ya ciki. Roger Clemens da ya ci kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa har sau 7, babu wanda ya kama ƙafarsa, shi ma yana waje. Amma Harold Baines da 'yan jarida ba su taɓa ba shi sama da kashi 6.1 cikin 100 na ƙuri'unsu ba, yana ciki, da hotonsa na tagulla manne a bango. To daga nan kaɗai za ka gane me ya sa duk lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Janairu, masu bin wasan nan suke ta ɗaga jijiyar wuya.

Bari in ɗan share fage saboda wanda bai saba da wasan ba. Mai jifa yana wurga ƙwallo, mai bugu yana tsaye da sanda yana ƙoƙarin maka ta, in ya maka ta inda ba a cafe ba sai ya ruga zuwa tasha ta farko, tashoshi huɗu ne, wanda ya zagaye su ya dawo gida ya ci maki ɗaya. In ƙwallon ta tsallake katangar fili gaba ɗaya shi ne hom-ron, mutum ya zagaya abinsa a tsanake. Kowane kulob yana buga wasa 162 a kaka guda, shi ya sa wasan ya cika lissafi, komai a rubuce yake tun sama da shekara ɗari, kuma wanda ke samun bugu mai kyau sau 3 a cikin 10 ana lissafa shi gwani ne, ka ga wahalar abin kenan.

Shi kuma zauren yana wani ƙaramin gari ne, Cooperstown, a jihar New York. An zaɓi rukunin farko a 1936, mutum biyar, Ty Cobb da Babe Ruth da Honus Wagner da Christy Mathewson da Walter Johnson, aka buɗe ginin a 1939. Ƙofa biyu ake shiga ta ita. Ta farko ta ƙungiyar marubutan besbol ce, wato 'yan jaridar da suka shekara goma cikin ƙungiyar, su ake aika wa takardar ƙuri'a. Ɗan wasa sai ya buga kaka goma a babban lig, ya yi ritaya da shekara biyar, sannan sunansa ya hau takarda. Kowane mai zaɓe ba zai tika sama da mutum goma ba. Sai ka samu kashi 75 cikin 100 za ka shiga, in ka faɗi ƙasa da kashi 5 an goge sunanka kenan, in kana tsakani kuma za ka ci gaba da zama har shekara goma, da can ma goma sha biyar ce aka rage a 2014. Ƙofa ta biyu kwamitoci ne na mutum 16, tsofaffin 'yan wasa da shugabannin kulob da masana tarihi, suna duba waɗanda 'yan jarida suka tsallake, a nan ƙuri'a 12 ake nema.

Akwai wata jimla ɗaya a cikin ƙa'idar zaɓen da ita ce uwar duk rigimar. Ta ce a duba tarihin wasan mutum da iyawarsa, da gaskiyarsa da ladabinsa a fili da halinsa, da gudummawarsa ga kulob ɗin da ya yi wa wasa. Hali. Shekara da shekaru babu wanda ya damu da kalmar nan, an shigar da Cap Anson wanda yana cikin waɗanda suka matsa aka rufe wa baƙar fata ƙofa tun ƙarni na 19, an shigar da Gaylord Perry a 1991 alhali shi da kansa ya fitar da littafi yana bayanin yadda yake shafa wa ƙwallo abu don ta karkace, wanda haramun ne a dokar wasan. Sai da 'yan zamanin sitiroyid, wato ƙwayoyin ƙara ƙarfin jiki, suka iso takarda kwatsam kowa ya tuna akwai maganar hali.

Yanzu dai maganar ƙwayoyin. A 1994 'yan wasa suka tafi yajin aiki har aka soke World Series, wasan ƙarshe na ɗaukar kofi, mutane suka yi fushi suka ƙaurace wa filaye. Abin da ya taimaka sosai wajen dawo da su shi ne kakar 1998, lokacin da Mark McGwire da Sammy Sosa suka yi ta tsere wa zai karya tarihin hom-ron 61 da Roger Maris ya kafa a 1961, McGwire ya ƙare da 70, Sosa 66. Kowa yana ganin jikin mutane ya kumbura, damatsa kamar turmi, amma kuɗi na shigowa, filaye na cika, telebijin na biya, babu wanda ya so ya taɓa kazar da ke yin ƙwai. Gaskiya ne majalisar dokokin Amurka ta saka sitiroyid cikin ƙwayoyin da aka taƙaita tun 1990, kuma kwamishina Fay Vincent, wato shugaban lig ɗin a lokacin, ya aika wa kulob-kulob takarda a 1991 cewa an hana, amma babu gwaji babu hukunci, takarda ce kawai a durowa. Sai 2003 aka yi gwajin farko na sirri don a ga girman matsalar, sama da kashi 5 suka faɗi, daga 2004 aka fara gwaji mai hukunci. McGwire ya fito ya amsa laifinsa a 2010. Rahoton tsohon sanata George Mitchell na Disamba 2007 ya jero sunaye da dama, Clemens yana ciki, bisa shaidar mai horar da shi, shi kuma ya musanta, aka kai shi kotu kan zargin yi wa majalisa ƙarya, kotu ta wanke shi a 2012. Bonds an same shi da laifin kawo wa shari'a cikas a 2011, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2015.

Ni fa ba na cikin masu cewa Bonds bai sha komai ba, wanda ya ga jikinsa a 1992 ya gan shi a 2002 ba ya buƙatar dogon turanci, kuma shi kansa ya faɗa wa masu bincike cewa ya yi amfani da wani ruwa da wani man shafawa da aka ba shi, wai yana zaton man irin wata shuka ne da maganin ciwon gaɓoɓi. Amma ka duba mutumin kafin 1999, lokacin da ko masu zarginsa suka yarda bai fara ba. Ya riga ya ci gwarzon ɗan wasan lig sau 3, a 1990 da 1992 da 1993, yana da safar zinare 8 ta gwanin tsaron fili, yana da hom-ron 411 da satar tasha 445, wato rugawa zuwa tasha ta gaba ba tare da jiran bugu ba, babu wanda ya taɓa haɗa 400 da 400 kafin shi. A watan Mayun 1998 kocin Arizona ya sa aka ba shi tafiya kyauta da gangan, wato ya wuce tasha ta farko ba tare da bugu ba, alhali tashoshi uku duk a cike suke, ma'ana ya yarda a ci shi maki ɗaya da hannunsa da dai ya bar Bonds ya ɗaga sanda. Da a ranar ƙarshe ta 1998 ya ajiye sanda ya tafi gida da tuni yana ciki ba tare da musu ba. Abin da ya zo bayan nan kuwa ya wuce hankali, hom-ron 73 a 2001, sannan a 2004 masu jifa suka ba shi tafiya kyauta sau 232, guda 120 da gangan, yana ɗan shekara 39 zuwa 40, saboda tsoro.

Shekararsu ta ƙarshe a takarda 2022 ce, Bonds ya tsaya a kashi 66, Clemens 65.2. Kuma a wannan zaɓen dai aka shigar da David Ortiz tun karon farko da kashi 77.9, mutumin da jaridar New York Times ta ruwaito a 2009 cewa sunansa yana cikin waɗanda suka faɗi gwajin 2003. Eh, kwamishina Rob Manfred ya fito a 2016 ya ce gwajin nan akwai shakku a kansa kuma bai kamata a riƙe Ortiz da shi ba, kuma Ortiz bai taɓa faɗuwa gwaji bayan nan ba, na yarda da wannan, ina ma ganin ya cancanta, hom-ron 541 da kofi uku da Boston ba wasa ba ne. Abin da ke damuna shi ne ma'aunin. Ortiz mutum ne mai fara'a, kowa nasa ne, 'yan jarida suna son sa. Bonds kuwa shekara ashirin yana ɗaure musu fuska yana gwasale su. In ka ce wannan bai shiga lissafin ƙuri'a ba to ba ka san ɗan Adam ba.

Wanda ya fi ƙona min rai ma shi ne Bud Selig. Shi ne ya riƙe kujerar kwamishina duk tsawon zamanin nan, a gabansa aka yi komai, masu kulob suka kwashi riba, kwamiti ya zaɓe shi a Disamba 2016 ya shiga a 2017. Tony La Russa da ya horar da McGwire a Oakland da kuma St. Louis ya shiga a 2014. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ta yaya mai gidan da aka yi abin a cikinsa da kocin da ya ci wasanni da shi za su samu tagulla a bango, ma'aikacin kaɗai a ce halinsa bai kai ba? Wasu 'yan jaridar sun faɗa a fili cewa shigar Selig ce ta sa suka sauya suka fara zaɓen Bonds da Clemens, kuma ina ganin hujjarsu tana da ƙarfi.

Sai dai ɗaya ɓangaren ma ba mahaukata ba ne, dole a ba su haƙƙinsu. Joe Morgan, tsohon gwarzon Cincinnati wanda a lokacin yake cikin shugabannin zauren, ya rubuta wa masu zaɓe wasiƙa a Nuwamba 2017 yana roƙon kar su shigar da masu shan sitiroyid. Ka tuna akwai yaran da suka ƙi sha, suka rasa gurbi a kulob saboda wani ya sha ya fi su ƙarfi, sunayensu ma ba wanda ya sani. Akwai irin su Fred McGriff, wanda ba a taɓa zarginsa da komai ba, ya ƙare da hom-ron 493, lambar da a wani zamanin za ta kai shi ciki kai tsaye amma a gefen masu 600 da 700 sai ta zama kamar ba komai, ya shekara goma a takarda bai shiga ba sai da kwamiti ya zaɓe shi a Disamba 2022 da ƙuri'a 16 cif, a zaman da Bonds da Clemens kowannensu bai kai huɗu ba. Wannan cutarwa ce ta gaske kuma ƙwaya ce ta jawo ta.

Inda ni na ja layi shi ne 2004. Wanda aka kama bayan an kafa doka an sanar da hukunci kowa ya sa hannu, ya san abin da yake yi. Rafael Palmeiro ya tsaya gaban majalisa a Maris 2005 yana nuna yatsa yana cewa bai taɓa sha ba, watanni kaɗan aka dakatar da shi, da bugu 3,020 da hom-ron 569 ɗinsa. Manny Ramirez sau biyu ya faɗa tarkon, 2009 da 2011. Alex Rodriguez mai hom-ron 696 an dakatar da shi kakar 2014 sukutum. Waɗannan ba zan tika musu ba. Bonds da Clemens kuwa lig bai taɓa dakatar da su kan gwaji ba, mafi yawan abin da ake zarginsu da shi ya faru ne lokacin da hukuma ta runtse ido da gangan, don haka zan shigar da su, kuma a rubuta labarin yadda yake a gidan tarihin, yaro ya zo ya karanta ya san me ya faru. Na san layin nan ba madaidaici ba ne ɗari bisa ɗari, wani zai ce ai shan ɗaya ne, amma ya fi dogaro da wa ya yi maka murmushi a ɗakin canza kaya.

Batun Pete Rose daban ne, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Shi caca ya yi a kan wasannin kulob ɗin da yake horarwa, Cincinnati Reds. Dokar hana wannan tana manne a kowane ɗakin 'yan wasa, da hukuncinta a rubuce, kora ta dindindin, kuma asalin tsananinta tun abin kunyar 1919 ne lokacin da aka zargi 'yan wasan Chicago White Sox takwas da sayar da World Series, cikinsu har da Joe Jackson. An kori Rose a Agusta 1989, a 1991 hukumar zauren ta kafa dokar cewa wanda yake cikin jerin korarru ba zai hau takarda ba, ya shekara kusan 15 yana rantsuwa bai yi ba sannan ya amsa a 2004. Magoya bayansa suna cewa ai kulob ɗinsa yake zuba wa kuɗi ya ci, ba ya faɗi ba. To amma koci da ya sa kuɗi a wasan yau bai sa a na gobe ba, yaya zai yi da masu jifansa, ba zai ƙona gwaninsa yau ya bar gobe ta yi yadda ta ga dama ba? Kuma ranar da bai zuba ba, me ya gaya wa 'yan caca kenan? Mai shan ƙwaya yana ha'inci ne don ya ci wasa, mai caca yana sa ka fara shakkar ko wasan da kake kallo ma na gaske ne. Ya rasu 30 ga Satumba 2024 yana da shekara 83, a watan Mayun 2025 Manfred ya yanke cewa korar tana ƙarewa da mutuwa, aka cire shi da Jackson da wasu daga jerin, yanzu kwamiti zai iya duba su. Ni ba zan zaɓe shi ba. Amma kuma ba zan ɓoye ba, lig ɗin da ya kore shi yau yana da yarjejeniyar talla da kamfanonin caca, suna ta haska su a tsakiyar wasa, wannan ya rage musu bakin magana sosai.

Curt Schilling kuma wani babi ne, shi ba ƙwaya ba caca, baki ne. A fili babu musu, ya fitar da masu bugu 3,116, a wasannin neman kofi ya ci 11 ya faɗi 2, shi ne ya yi jifa da safa jina-jina a 2004 lokacin da Boston ta karya shekara 86 ba kofi. Bayan ritaya sai ya shiga saka abubuwa a intanet, a 2015 ya saka hoton da ke kwatanta masu tsattsauran ra'ayi cikin Musulmi da 'yan Nazi har tashar telebijin ta ESPN da yake yi wa sharhi ta dakatar da shi, a 2016 ta kore shi kan wani rubutun, kuma a shekarar ya yaba wata riga mai kiran a rataye 'yan jarida, su ɗin da ke riƙe da ƙuri'arsa. A 2021 ya kai kashi 71.1, saura ƙuri'a 16, sai ya ce a cire sunansa, ba a cire ba, ya faɗo 58.6. Maganganunsa sun ɓata min rai ƙwarai. Amma ƙa'idar nan in ka karanta ta maganar ɗan wasa take a matsayinsa na ɗan wasa, kuma duk abin nan bayan ya ajiye ƙwallo ne, shi ya sa nake ganin wasansa ya isa ya kai shi ko da ba zan tafa masa ba.

Duk hayaniyar nan ta manyan sunaye tana rufe wata matsala da ni na fi ganin girmanta, wato mutanen da ba su yi laifin komai ba, tsarin ne kawai ya taka su ya wuce. Ka ɗauki 2013. A shekarar Bonds da Clemens da Sosa da Schilling da Mike Piazza da Craig Biggio duk suka hau takarda lokaci guda, ga tsofaffin da ke jira, ga iyakar mutum goma, ƙuri'u suka tarwatse, 'yan jarida ba su zaɓi kowa ba ko mutum ɗaya. A cikin cunkoson nan Kenny Lofton, ɗaya daga cikin gwanayen gudu da tsaron tsakiyar fili na zamaninsa, ya samu kashi 3.2 aka goge shi tun shekarar farko, ba a ma zauna an yi muhawara a kansa ba. Kuma muhawarar tana da amfani, don Scott Rolen da kashi 10.2 ya fara a 2018 ya shiga a 2023 da 76.3, bai ƙara buga ko ƙwallo ɗaya ba a tsakani, mutane ne suka sake duba shi. Larry Walker da Tim Raines da Edgar Martinez da Billy Wagner duk a shekararsu ta ƙarshe suka tsallake.

Abin da ya sauya tunanin mutane shi ne sabon lissafi. Da can lambobi uku ne tikiti, bugu 3,000, ko hom-ron 500, ko cin wasa 300 ga mai jifa. Yanzu akwai wani ma'auni da ake kira WAR, yana ƙoƙarin haɗa bugu da gudu da tsaron fili da wahalar gurbin da mutum yake tsayawa, ya fitar da adadin wasannin da ya ƙara wa kulob ɗinsa in aka gwada shi da ɗan cike gurbi. Ba wahayi ba ne, musamman ɓangaren tsaron fili na shekarun baya akwai ƙiyasi a ciki, amma ya tono mutanen da tsohon lissafi ya binne. Akwai kuma tsohuwar gardamar ƙoli da daɗewa, Sandy Koufax wasa 165 kawai ya ci, ciwon gwiwar hannu ya sa ya bari yana ɗan shekara 30 a 1966, amma shekarunsa na ƙarshe babu kamarsa, ya shiga a 1972 ba wanda ya yi ƙorafi. Baines kuma ya daɗe ne yana tara bugu har 2,866 ba tare da ya taɓa zama abin tsoro a lig ba, WAR ɗinsa bai kai 40 ba, kwamitin da ya zaɓe shi a Disamba 2018 da ƙuri'a 12 daidai akwai mai kulob ɗinsa Jerry Reinsdorf a ciki da tsohon kocinsa La Russa. Mutumin kirki ne a bakin kowa, ba laifinsa ba ne, amma tuwona maina aka yi.

'Yan jaridar su ma suna da nasu abin mamakin. Babe Ruth mutum 11 ne suka ƙi tika masa a 1936, Willie Mays mutum 23 a 1979, saboda wata al'ada ta wai kada kowa ya samu duka. Sai 2019 Mariano Rivera ya zama na farko da ya samu ƙuri'u duka 425. Derek Jeter ya rasa guda ɗaya a 2020, Ichiro Suzuki na Japan ya rasa guda ɗaya a 2025, kuma tunda ba dole ba ne mai zaɓe ya bayyana takardarsa, wanda ya ƙi ɗin ya yi shiru abinsa.

Sannan jinkiri. Ron Santo na Chicago Cubs ya jira har ya rasu a Disamba 2010, aka zaɓe shi Disamba 2011. Dick Allen, baƙar fatan da ya sha wulaƙanci a Philadelphia a shekarun 1960 har yana saka hular kwano a fili saboda jifan 'yan kallo, ya rasa da ƙuri'a ɗaya a 2014, ya rasu a 2020, ya sake rasawa da ƙuri'a ɗaya a 2021, sai Disamba 2024 aka zaɓe shi. Dave Parker da aka zaɓa tare da shi ya ji labarin da kunnensa amma ya rasu a watan Yunin 2025, saura wata guda bikin. Buck O'Neil na lig ɗin baƙar fata ya rasu a 2006, aka zaɓe shi 2021. Lambobin mutanen nan ba su ƙaru a kabari ba, abin da aka gani bayan sun mutu yana nan tun suna raye, iyalai ne suka hau mumbari suna karɓa da hawaye.

Shi ya sa in aka ba ni ƙuri'a ɗaya tak, ba Bonds zan ba ba, Bonds duniya ta san shi ko da tagulla ko babu. Lou Whitaker zan ba. Ya tsare tasha ta biyu a Detroit Tigers daga 1977 zuwa 1995, kulob ɗaya duk rayuwarsa, gwarzon sabon ɗan wasa a 1978, safar zinare 3, bugu 2,369, hom-ron 244, kofin 1984. WAR ɗinsa ya kai 75, sama da Ryne Sandberg da Roberto Alomar da Biggio da suke gurbi ɗaya da shi kuma duk suna ciki, sama da Jeter ma. Rana ɗaya suka fara wasa da abokinsa Alan Trammell, 9 ga Satumba 1977, suka buga wasa 1,918 kafaɗa da kafaɗa, in ka ajiye lambobinsu gefe da gefe da ƙyar za ka bambance na wane da wane. Trammell ya samu shekara 15 a takarda ana tattauna shi har kwamiti ya ɗauke shi a Disamba 2017. Whitaker mutum ne mai shiru, ba ya neman kyamara, a 2001 ya samu ƙuri'a 15, kashi 2.9, aka goge shi a shekarar farko. Kwamiti ya duba shi a Disamba 2019 ya ba shi 6 cikin 16. Detroit ta jingine lambarsa ta 1 a 2022, ba wanda zai sake saka ta. An haife shi a 1957, yana raye, kuma ina so ya hau mumbarin nan da ƙafarsa, Trammell yana zaune a bayansa.